Metformin na sa Hajiyarmu gudawa, ta daina ko ta ci gaba?

Maman Ilham: Salam jama'a. An gano Hajiyarmu tana da suga, likita ya ɗora ta kan metformin 500mg safe da dare, to tunda ta fara cikinta ke murɗawa ga gudawa, wai har bakinta ɗanɗanon ƙarfe take ji. Yanzu ta rantse ba za ta ƙara sha ba, ranar komawa asibiti kuma sai wata mai kamawa. Mu ƙyale ta ko mu lallaɓa ta?

Abu Sadik: A jiƙa mata hulba, a haɗa da zogale.

Ɗan Bolari: Ni ba na son jin zancen magungunan nan wallahi. Baffana wani mai kemis ya ba shi ba tare da takardar likita ba, ya sha da asuba ya ɗau azumi ya fita kasuwa, kafin azahar gumi ya karyo masa jiki na rawa ya yanke jiki ya faɗi, mutane suka tsaya tofa masa addu'a ana cewa iska ce, ashe suga ne ya sauka. Mai kemis ɗin ko sannu.

Sista Hauwa: Allah ya ƙara masa lafiya, amma wannan ya fi kama da glibenclamide, wani maganin suga daban, shi ke faɗar da suga haka, metformin shi kaɗai da wuya. Maman Ilham kar ta daina da kanta. Ta riƙa sha tana tsakiyar cin abinci, yawanci cikin yana sabawa bayan 'yan makonni. Ku koma kafin ranar, likita zai iya rage mata ko ya canza zuwa metformin SR mai narkewa a hankali. In amai ya haɗu da gudawar har ba ta iya shan ruwa, asibiti yau ɗin nan, saboda ƙoda.

Abu Sadik: Sista ke nas ce ba likita ba. Kakata da hulba ta kai casa'in.

Sista Hauwa: An taɓa auna sugan kakar taka, Malam?

Baban Yusra: Ni shekaru ina shan metformin, sai ƙafata ta fara mutuwa kamar ana tsira min allura, aka ce bitamin B12 ne ya yi ƙasa, maganin na jawo haka in an daɗe. SR kuwa tsada, kati ɗaya 2,500 na saya a Tudun Wada.

Ummu Nana: Haba dai, 900 nake saye a Jekadafari.

Baban Yusra: Duba kwalin, ba kamfani ɗaya ba ne.

Auwal Keke: Hajiya dai ta bar masa da lemon kwalba tukun 😂

Ɗan Bolari: Ku bar ta magani, tsinken gwajin suga fa? Ga inshorar lafiya ana cire mana duk wata, ka bi layi tun sassafe a rubuta maka a ce babu, je ka saya a waje.

Ummu Nana: Mu ma haka, har na daina ɗaukar katin inshorar.

Maman Ilham: To na daren yau fa, in ba ta?