Shawarwari kan lulluɓe ƙwayoyin zinare don maganin ciwon kansa

Abin da aka fi nanatawa a wata tattaunawa kan amfani da ƙwayoyin zinare (ƙananan ɓarɓashin zinare da ido ba ya iya gani) wajen maganin ciwon kansa shi ne, kada a kai ƙwayar zinare cikin jini tsirara, wato ba a lulluɓe ta ba. Wadda aka haɗa da sitiret (sinadarin da ake samu a lemon tsami), bisa hanyar masanin kimiyya Turkevich ta 1951, da ta haɗu da gishiri sai ta dunƙule. Da ido ma za ka gani: ruwan da yake ja wur ya rikiɗe ya koma shuɗi. Mafita ita ce a yi mata riga da PEG, wani sinadari mai dogon zare da ke narkewa a ruwa, mai ɗauke da sulfa a bakinsa, domin sulfa na kama zinare gam. Rigar tana rage furotin ɗin da ke manne mata, ta jinkirta hanta da saifa wajen kwashe ta.

Masu aiki da ƙwayoyi masu siffar sanda, waɗanda ake haska wa infrared (hasken da ido ba ya gani) su yi zafi su ƙona ƙari, an gargaɗe su da su wanke CTAB, sinadarin da ake amfani da shi wajen haɗa sandunan, sarai, domin guba ne.

Inda aka yi ja-in-ja shi ne kan maƙala wa ƙwayar sinadarin folik (wani nau'in bitamin B) don ta nemo ƙarin kansar. Ni dai ina bayan masu taka-tsantsan, tunda wani nazari na 2016 ya nuna kusan kashi 0.7 cikin ɗari na ƙananan ƙwayoyin da aka yi allurarsu ne kacal ke isa ƙarin.