Taƙaitawa: sa sunayen sautin tsohuwar fiyano a kwamfuta

Ga abin da na tsinta daga muhawarar 'yan situdiyon Kazaure da Ɗambatta:

1. An yarda a fara neman fayil ɗin sunayen a intanet. Manhajar haɗa kiɗa ta Cakewalk fayil ɗin .ins take karɓa, ta Reaper kuma .reabank.

2. In babu, Notepad ya isa a rubuta fayil ɗin da hannu. A kwafe sunaye da lambobi daga littafin fiyanon, har da lambobin banki (rukunin sautuka), waɗanda ake kira CC0 da CC32. Tarkon da ya kama mutane da yawa: littafi kan fara ƙirga daga 1, MIDI (harshen da fiyano da kwamfuta ke magana da shi) daga 0, sai ka zaɓi sarewa maƙwabciyarta ta amsa. A rage ɗaya daga lambar littafin.

3. An rabu kan ko fiyanon Yamaha DX7 ta 1983 na buƙatar irin wannan fayil. Sauti 32 ne a cikinta, wasu suka ce takarda manne a jikinta ta wadatar. Ni ma nan na karkata.