Musayar waƙa: in tuta ta raba mu, a ina za mu haɗu?

Baba Mai Rediyo:
'Ya'yana, ga baituka na ajiye. Ƙwar huɗu ce, a rufe kowane baiti da "ya". Kada kowa ya yi wa jam'iyyarsa talla.

Da sunan Allah zan soma,
Kira nake ga dukkan al'umma,
Mai mulki da wanda ya sha kaye ma,
Ku zo mu zauna wuri ɗaya.

Yunwa ba ta duba kati,
Harsashi bai san akwati,
Duhu in ya rufe kan titi,
Kowa ke laluben hanya.

A 1994 Mandela ya karɓi mulki,
De Klerk ya zame masa mataimaki,
Jam'iyyar da ta ɗaure shi ya ba ta aiki,
Don ƙasa ta zauna lafiya.

'Yar Adawa:
Baba, a gafarce ni, zan ɗan ja da kai. De Klerk ɗin nan ai a 1996 ya kwashe jam'iyyarsa ya fice.

Baba na ji, na kuma rusuna,
Amma akwai abin da ke damuna,
In manya sun ce "mu zo mu zauna",
Rabon kujeru ne bisa gaskiya.

Kenya a 2008 mun gani,
Rai fiye da 1,000, jini kan jini,
Kofi Annan ya shiga tsakani,
Kibaki da Odinga suka bar jayayya.

Sai ga ministoci kusan 40 an jera,
Kowa da mota, kowa da kujera,
To wa ya rage ya ce a gyara,
Tunda an haɗiye hamayya?

A Zimbabwe ɗan adawa Tsvangirai ya yarda da Mugabe,
Firaminista a 2009, ya zo ya raɓe,
Da 2013 ta zo aka yi zaɓe,
Sai aka tura shi can baya.

Ɗan Takarda:
Yaya, kin yi gaskiya, amma kin haɗa abu biyu a wuri guda.

Yaya ki tsaya, ba a nan take ba,
Ba sai an raba ma'aikatu ba,
Ba sai kin yar da tutarki ba,
A ɗauki matsala guda ɗaya.

Dubi rage shekarun takara,
Matasa ne suka fara,
Majalisa ta ji, ta gyara,
A 2018 ta zama doka a Najeriya.

Ga mai son lissafi: takarar shugaban ƙasa ta sauko daga shekara 40 zuwa 35, ta Majalisar Wakilai daga 30 zuwa 25. Gyaran tsarin mulki kuwa sai da kashi biyu cikin uku na Majalisar Tarayya da yardar majalisun jihohi 24 cikin 36. Ɗan PDP ne ya gabatar da ƙudurin a Majalisar Wakilai, ɗan APC a ta Dattawa, kuma babu wanda ya sauya sheƙa saboda haka.

Malama Mai Alli:
Ƙanena, bari in ɗora maka.

Shan inna ta sha nakasa yara,
A mulkin PDP aka matsa da gyara,
APC ta hau, ba ta ce a sake fara,
Ta bi sawun riga-kafi ba gajiya.

Masu ɗigo sun bi gida-gida,
Da akwatin ƙanƙara da alƙalamin shaida,
A ɗan yatsa su shafa tawada,
A 2020 aka ce ta bar nahiya.

'Yar Adawa:
Anti, na karɓa. Sai dai waɗannan babu babban da ya yi asara a cikinsu.

Ɗigon baki wa zai ƙi shi?
Rage shekaru wa ya cuce shi?
Kawo wanda manya ke ci da shi,
A nan ake gane mai zuciya.

Baba Mai Rediyo:
'Yata, da na kawo karin maganar tsintsiya, amma za ku ce na karya sharaɗina da kaina. Ga mai wuya.

Ireland ta Arewa ta sha wuta,
Shekara 30 ana ta fafata,
Rai sama da 3,500 ya salwanta,
A 1998 aka sa hannu a yarjejeniya.

Paisley da McGuinness, jigogin ɓangarori biyu, ba sa ga maciji,
A 2007 sai duniya ta ji,
Sun hau mulki tare, ba wanda ya guji
Aƙidarsa, sun dai ajiye ƙiyayya.

Kuma ba lami lafiya aka tafi ba, majalisarsu ta tsaya cik daga 2017 zuwa 2020. Amma ba a koma yaƙi ba.

'Yar Adawa:
To Baba, zan zauna, da sharuɗɗana.

A rubuta shi kowa ya karanta,
A sa ranar da za a kammala ta,
Kuɗin da aka ware a fayyace ta,
In an kauce zan ɗaga murya.

Mu fara da kuɗin tsaro na gwamnoni,
Kowace jam'iyya ta kawo bayani,
Nawa aka karɓa, me aka yi na amfani?
Ɗan Takarda, amsa mini ba ƙarya.