Wace kalma za mu ba "heat index" da Hausa?

Jama'a, ku taya ni da wannan. Duk lokacin da NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, ta fitar da gargaɗin zafi, sai in ji masu fassara sun ce "ma'aunin zafi". Abin yana damuna, domin ma'aunin zafi shi ne abin da ake auna iska da shi, ko wanda ake sa wa yaro a hammata. Heat index wani abu ne daban: zafin iska haɗe da laimar da ke cikinta, wato yadda jiki ke ɗaukar zafin.

Ku duba randa. A watan Maris, iska a bushe, ruwan randa sanyi ƙalau, saboda danshin da ke tsattsafowa ta jikinta yana bushewa ya tafi da zafi. Da damina ta kankama, randar nan dai ce, amma ruwan ba ya sanyi kamar da. Haka jikin mutum yake da gumi. In iska ta ƙoshi da laima, gumi ba ya bushewa, sai riga ta manne a baya, kana ta fifita a banza.

Shi ya sa digiri 32 da laima kashi 70 cikin ɗari jiki ke jin sa kamar 41, alhali 40 a busasshiyar iska irin ta Agadas ba ya ma kai 40 ɗin a jiki. Lissafin ya samo asali ne daga aikin masanin kimiyya Robert Steadman na 1979, kuma da mutumin da ke inuwa aka yi shi. Wanda ke cikin rana ya ƙara har digiri 8 a kai.

An ba ni "zafin jiki". A'a, wannan zazzaɓi ne. "Jin zafi" kuma ciwo ne ko fushi. Wani malamina ya kawo "zafin da jiki ke ji", ma'anar ta fita sarai, sai dai ya yi tsawo ga mai karanta labarai.

Ni na tsaya a kan "nauyin zafi". Kowa ya san daren da hadari ya haɗu bai zubar ba, iska ta tsaya cik, zafin ya danne mutum a kan tabarma. A ce: zafin yau 32, nauyinsa 41. Tsohuwa a ƙauye za ta gane ta hana jikanta fita.

'Yan'uwa na Damagaram da Maraɗi, ya kunnenku ya ji ta?