Neman kalmar Hausa: me za mu kira rabe-raben cikin jirgin ruwan Sinawa?

Ɗan Kwari:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman agajin masu Hausa a baki. Harkar takalma ta kai ni Jinjiang a lardin Fujian na ƙasar Sin, sai abokin cinikina ya ja ni zuwa gidan tarihin jiragen ruwa na Quanzhou, wanda aka kafa tun 1959. Babban abin kallonsu ba ya cikin sabon ginin, yana wani zaure a harabar wurin ibadar Kaiyuan. Gangar jirgin katako ce ta zamanin daular Song, wadda aka tono daga lakar tashar Houzhu a 1974. Abin da ya saura na jirgin ya kai mita 24 da 'yan kai a tsawo, faɗinsa mita 9 da ɗoriya. In ka leƙa daga sama za ka ga an gitta alluna 12 masu kauri daga wannan gefe zuwa wancan, sun raba cikin jirgin gida 13. Turawa na ce wa allon bulkhead, kowane gida kuma watertight compartment. Hikimar ita ce in dutse ya huda gida guda, ruwa ya tsaya nan, sauran su riƙe jirgin. Ƙanwata malamar firamare ce, ta ce in rubuta wa ɗalibanta bayani da Hausa. Nan na cije. Me zan kira allon, me zan kira gidan?

Badamagare:
Wa alaikumus salam. Bakano ya je har Sin bai tsaya lissafin riba ba, ya shiga kallon tsohon katako? Lallai duniya ta zo ƙarshe. Ka ce bango da ɗaki mana, Alhaji. Bango 12, ɗaki 13, an wuce wurin.

Ɗan Kwari:
Kai da ba ka taɓa ganin ruwan da ya wuce tafkin bayan gari ba, ina kai ina zancen teku? Na gwada ɗaki a kan ƙanwar tawa, sai ta tambaye ni ko akwai gado a ciki. Matsalar ke nan. Waɗannan wurare a ƙasan dandamali suke, kaya ake lodawa. Da aka tono jirgin an samu itacen turare fiye da tan 2 a ciki, da masoro, da lubban, da kuɗin tagulla 504, har da wuri irin wanda kakanninmu suka yi ciniki da shi. Da waɗancan kuɗaɗe aka gane cewa ya nutse ne a shekarun 1270, yana dawowa daga fatauci a kudu.

Malama Mai Alli:
Alhaji ya yi gaskiya, ɗaki ba zai yi ba, domin jiragen suna da ɗakunan kwana na ainihi a sama, za a rikita yara. Bango ma ban so shi ba. Da ka ce bango, hankalin Bahaushe ya tafi ga tubali da siminti. Katanga kewaye take yi daga waje, mu kuwa abin da ke raba ciki muke nema. Danga ta fi kusa ta fuskar aiki, amma dangar kara ko akuya ba ta cika tarewa ba, balle ruwa. Ni shamaki nake gani.

Almajirin Zaure:
Allah ya gafarta Malama, shamaki ai wurin ɗaure dawakin sarki ne, har sarautar Shamaki muke da ita a fadar Kano.

Malama Mai Alli:
Haka ne Malam, asalinsa ke nan. Amma yau in aka ce babu shamaki tsakanina da wane, ko an yi wa mata shamaki a masallaci, wa ke tuna doki? Ma'anar ta riga ta koma abin da aka gitta don ya raba wuri biyu ya hana ƙetarewa. Aikin allon nan ke nan ba ragi ba ƙari.

Injiniyan Apapa:
Ni a jirgin ruwa nake cin abinci, kuma gaskiya a bakin aiki bolked muke cewa, Bahaushe da Bayarabe da ɗan Indiya duk ɗaya. Amma na yarda yaron firamare ba zai tsinci komai a bolked ba. Shamaki ya yi mini. Sai dai a sani wannan kalma ba ta tsohon jirgi kaɗai ba ce, duk babban jirgin ƙarfe na yau haka cikinsa yake. Titanic da ya nutse a 1912 gida 16 aka raba shi. Abin da ya ci shi, allunan ba su kai sama sosai ba, da goshin jirgin ya sunkuya sai ruwa ya riƙa tsallakawa daga wannan gida zuwa na bayansa. Don haka duk kalmar da za mu zaɓa, ta zama wadda za a iya ba da labarin hatsarin jirgin zamani da ita a rediyo.

Baba Mai Rediyo:
Madalla da injiniya, ya taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Na yi shekaru ina fassarar labarai, na san irin abin da ke fitowa in an bar 'yan boko da kalma: "ɓangaren jirgi wanda ruwa ba ya iya shiga cikinsa." Wannan ba suna ba ne, jawabi ne. Kafin mai karanta labarai ya faɗe shi sau uku lokacinsa ya ƙare. Su Sinawan me suke cewa? A fara jin ta bakin masu abu.

Ɗan Kwari:
Ranka ya daɗe, shuimi gecang suke cewa. Shui ruwa, mi matsewa ba kafa, ge rabawa, cang cikin jirgi inda ake zuba kaya. Da wannan suna hukumar UNESCO ta sa sana'ar cikin jerin al'adun da ke buƙatar ceton gaggawa a 2010, saboda masu iya ta a Fujian sun kusa ƙarewa. Da itacen kafur da wasu itatuwa suke aikin, su sassaƙa bakin kowane katako ya shige cikin na ɗan'uwansa, sannan su cusa zaren wata shuka mai kama da rama, wanda aka kwaɓa da farar ƙasa da man itacen tung. In ya bushe sai ya zama kamar dutse.

Jikan Sarkawa:
Salamu alaikum iyayena da yayyena. Ni daga Yawuri nake, a bakin Kwara na tashi. Jiragenmu ciki ɗaya gare su tun daga goshi har gindi, in ruwa ya shiga sai a sa yaro ya yi ta kwarfewa, don haka ba mu gaji sunan wannan abu ba. Amma da Alhaji ya kwatanta shi, gora ce ta faɗo mini a rai. In ka tsaga gora gida biyu za ka ga rami, sai toshiya, sai rami, sai toshiya. Ka huda gaɓa ɗaya ka jefa ta ruwa, ba za ta nutse ba, don sauran gaɓoɓin na riƙe da iskarsu. Me zai hana mu ce gaɓa? Jirgi mai gaɓa 13.

Baba Mai Rediyo:
Yaro, Allah ya yi maka albarka. Gajeriya ce, ta zauna a baki, kuma ba a buƙatar dogon sharhi. "Ruwa ya cika gaɓa biyu na gaban jirgin." Ka ji yadda ta tafi sumul.

Almajirin Zaure:
Ban ƙi ba, amma a duba. Gaɓar da mutanenmu suka fi sani ta rake ce da ta karan dawa, su kuwa cikinsu cike yake, ɗaya da ruwan zaƙi ɗaya da totuwa. Ba rami. Sannan gaɓa tana nufin mahaɗa, kamar gwiwa da gwiwar hannu. Wani zai ɗauka jirgin lanƙwashewa yake yi, ko kuwa guntu-guntu ne aka jona kamar taragon jirgin ƙasa.

Malama Mai Alli:
Wannan ƙorafi ne mai nauyi, Malam, amma ina ganin gaɓa za ta ɗauke shi. In yaro ya ce a sayar masa da rake gaɓa biyu, ba mahaɗar yake nufi ba, tsakanin mahaɗa da mahaɗa yake nufi. Mu ma a aji da ita muke koyar da yanka kalma, mu ce ma-ka-ran-ta gaɓa huɗu ce, ba wanda ya taɓa zaton kalmar gwiwa gare ta. Kalma ce da ta saba ɗaukar ma'anar yanki guda cikin abu mai tsawo wanda aka raba. Kuma tunda shamaki na tare da ita, shi zai nuna cewa rabon daga ciki ne. Jirgi ɗaya, shamaki 12, gaɓa 13. Har darasin lissafi ƙanwar Alhaji ta samu: me ya sa gaɓa ta fi shamaki da ɗaya?

Badamagare:
To shi jirgin kansa fa? Na sa sunansa na Turanci, Chinese junk, a manhajar fassara, ta ce mini "tarkacen Sin."

Almajirin Zaure:
Wannan kam ba sai mun wahala ba, Larabci ya riga ya share mana hanya. Junk ɗin jirgi dabam, junk ɗin tarkace dabam. Na jirgi daga jong ya fito, kalmar mutanen Jawa da Malay. Ibn Battuta, matafiyin nan ɗan Maroko, ya rubuta ta a littafin tafiye-tafiyensa Rihla, ya ce jiragen Sin iri uku ne: babba junk, matsakaici zaw, ƙarami kakam. Ya ce babban na ɗaukar mutum 1,000, matuƙa 600 da mayaƙa 400, abin kama iskarsa kuma da tsagin gora ake saƙa shi kamar tabarma. Ya ce a Zaitun ake ƙera su da kuma Sin Kalan, wato Guangzhou da 'yan kasuwarmu ke zuwa yau. Zaitun ɗin nan kuwa ita ce Quanzhou da Alhaji ya je. Shehin ya sauka can wajen 1345, ya ce tasharta na cikin mafi girma a duniya. Shi ne kuma bayan 'yan shekaru ya zo Takedda, a Nijar ta yau, ya ambaci Gobir cikin ƙasashen da ake kai wa tagulla. Mutumin da ya san su ya san mu, ai a karɓi kalmarsa. Mu ce junki.

Ɗan Kwari:
Junki ya zauna. Kuma Malam, da ka ga ɓangaren duwatsun kaburbura a sabon ginin da ka ƙi fita. Rubutun Larabci ne rututu, sunayen fatake Musulmi da suka rasu a garin, ga masallacin Qingjing na shekarar 1009 har yanzu bangonsa na tsaye a cikin birni.

Injiniyan Apapa:
Mu dawo kan shamaki, akwai abin da nake so Alhaji ya tabbatar. Ka lura da gindin allunan, daidai inda suka sauka kan ƙashin bayan jirgin?

Ɗan Kwari:
Na lura, akwai 'yar kafa a gindin mafi yawansu. Na yi mamaki, abin da aka yi don tare ruwa kuma a huda shi.

Injiniyan Apapa:
To shi ya sa ba na so mu ɗaura wa kalmar wutsiya mu ce "shamakin hana ruwa" ko "gaɓa marar yoyo." Babu jirgin katakon da ba ya tsatsafa. An bar waɗannan kafofi ne don ruwan da ya tsatso ya gangara wuri mafi zurfi a kwashe shi gaba ɗaya, maimakon ya kwanta ƙarƙashin kaya ya ruɓar da katako. In babbar ɓaraka ta auku sai a toshe su. Marco Polo, Baturen matafiyin nan, shi ma da ya ba da labarin manyan jiragen Sin masu gida 13, cewa ya yi in dutse ko babban kifi ya fasa wuri, matuƙa kan kwashe kayan wannan gida su mayar wani, su gyara, su maido. Kuma tare ruwa ba shi kaɗai ne aikin allon ba. Shi ke riƙe gefunan jirgin kada su buɗe ko su matse, shi ke raba kayan wannan falke da na wancan. Shamaki kawai, ba ƙari, ya ɗauke duka ukun.

Jikan Sarkawa:
Yallaɓai, waccan kafa ai rariya ce, irin ta gindin katanga da ruwan tsakar gida ke bi ya fita. Wannan kam sunanta na nan tun da daɗewa. Abin da ke raina shi ne ko masu ƙera manyan jiragen kasuwa a nan za su karɓi dabarar. Mun binne mutane da yawa bayan hatsarin jirgin ruwa na Warra a jihar Kebbi a 2021.

Injiniyan Apapa:
Allah ya jiƙansu. Zai taimaka in kututture ne ya huda jirgi, ya ba da lokacin kaiwa gaɓar kogi. Amma jirgin da aka yi wa lodin da ya fi ƙarfinsa har ya rabe biyu, shamaki ba ya cetonsa, ƙanena. Wannan maganinsa a tasha yake, wurin masu ƙirga fasinja.

Badamagare:
Kun ji ko? Injiniya da bakinsa ya ce gaɓar kogi. Ga gaɓar kogi ga gaɓar jirgi a jimla ɗaya, yaya mai sauraro zai yi?

Baba Mai Rediyo:
Yadda yake yi da gora ta sanda da gora ta ruwa, ɗana. Abin da ke gaba da baya shi ke bambantawa. In mai labari ya ga za su yi karo sai ya ce bakin kogi, shi ke nan. Alhaji, rubuta mana yadda za ka ba yaran mu ji.

Ɗan Kwari:
Ga shi, a gyara mini: "Junki babban jirgin ruwan Sinawa ne na katako mai tafiya da iska. Ana gitta shamaki a cikinsa don a raba shi gaɓa-gaɓa. Junkin da aka tono a Quanzhou a 1974 yana da shamaki 12 da gaɓa 13. A gindin shamaki akwai rariya da ruwa ke bi, in gaɓa ɗaya ta fashe sai a toshe rariyar, ruwa ya tsaya nan."

Malama Mai Alli:
Ya yi, Alhaji. Ka dai ƙara "a ƙarƙashin dandamali" bayan "a cikinsa," don kada su zana shi a sama inda matuƙa ke tsayawa. Jam'in kuma shamakai da gaɓoɓi da rariyoyi. Na junki ne ban yanke ba, kunnena na rawa tsakanin junkuna da junkaye.

Almajirin Zaure:
Junuk ne a Larabci, don haka junkuna ta fi kusa da gida. Gaɓa kuwa na bi jama'a, amma a ce wa malamar ta shiga aji da tsagaggiyar gora a hannu ranar darasin, kada yaran su tafi da hoton rake a kai.