Kabewata na fure amma 'ya'yan na zubewa: wa ya taɓa dawo da zuma lambunsa?

Uwargida daga Zariya: Assalamu alaikum. Bana na shuka kabewa a bayan ɗaki, ta yi yaɗo har ta hau katanga, fure kam ba a magana. Amma duk ɗan da ta ɗauko, da ya kai kamar ƙwan kaza sai ya yi rawaya ya faɗi. Taki na sa, ruwa ba ta rasa ba. Wata tsohuwa maƙwabciyata ta leƙo ta ce, "'Yar nan, tun safe ban ga ƙudan zuma ko ɗaya a kanta ba." Don Allah wanda irin haka ta taɓa samunsa ya gaya mini yadda ya yi.

Mai noman rani daga Kura: Wa alaikumus salam Hajiya. Maganar tsohuwar nan gaskiya ce, ni da kankana na koya a Kadawa. Kabewa da kankana da gurji duk fure biyu suke yi, namiji da mace. Ki duba ƙarƙashin furen: wanda ke da ɗan ƙullutu shi ne macen, wanda ke kan siririn kara shi ne namijin. In ba a ɗauko garin namijin an kai wa macen ba, ƙullutun nan zubewa zai yi. Furen kuwa da sassafe yake buɗewa, kafin azahar ya rufe, shi ke nan. To ni a daidai lokacin nake goya tankin feshi, don na fi son aikin safe. Wata rana na tsuguna na ga zuma a kwance cikin kunya, wasu na juya ƙafa, wasu sun mutu da gari rawaya a jikinsu. Wallahi jikina ya yi sanyi. Tun daga nan ba na feshi sai gab da magariba, in fure ya yi yawa kuma haƙuri nake yi sai dole. Wahalar da ta rage ita ce maƙwabtan gona, don zuma ba ta san iyaka ba. Biyu sun ji maganata, ɗaya har yau da safe yake yi.

Malamin makaranta daga Katsina: Kafin zuma su dawo, ki yi aikin da hannunki. Bayan asuba ki tsinko namijin, ki cire ganyen furen, ki goga tsakiyarsa a tsakiyar macen a hankali. Haka na tsirar da kabewa huɗu bara.

Hajiya daga Maraɗi: 'Yar'uwa, ni ruwa ne ya kawo mini su. Da bazara kullum sai na tsinci zuma sun nutse a randa. Sai na samo tsohon kasko, na zuba tsakuwa, na sa ruwa iya inda kan tsakuwar ke waje, na ajiye a inuwar zogale. Yanzu da hantsi sai ki ga sun jeru a kan duwatsun suna sha. Kullum nake zubarwa in sake, saboda sauro. Sannan na daina tsinke kan ɗaiɗoya duka, ina barin gindi biyu su yi fure. Riɗi ma na watsa a gefen katanga, suna shiga cikin furensa har su ɓace.

Mai amya daga Bauchi: Malam na Kura ya faɗi ta feshi, ni ta itatuwa ce ke damuna. Zuma ba kabewarki kaɗai za ta ci ta rayu shekara ba. Magarya na fure wajen ƙarshen damina, gawo ya karɓa da shigowar rani lokacin da ciyawa ta bushe, kaɗanya da mangwaro cikin hunturu, darbejiya da zafi. A garinmu an sare gawo an yi gawayi, amyoyin da nake ratayewa rabinsu babu kowa. Wanda ke da magarya a kan iyakar gonarsa, don Allah ya bar ta.

Ɗalibar aikin gona daga Sakkwato: Baba, Allah ya saka. Ni malam-buɗe-littafi nake so in tuna mana. Tsutsar da ke cin ganyen lemo, wadda tana ƙarama take kama da kashin tsuntsu, ita ce ke zama babban nan mai baƙi da ɗigon rawaya. Mai ruwan goro kuma a tumfafiya yake yin ƙwai. Da ina murƙushe su. Yanzu na ware reshe ɗaya na bar musu, tumfafiya ɗaya ma na hana a cire, sai dai nesa da yara saboda farin ruwan jikinta na cutar ido.

Uwargida daga Zariya: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Yau da asuba na sami mace uku a buɗe, na goga musu kamar yadda Malam ya ce, na ɗaura zare a jikinsu don in gane su. Kaskon ma na ajiye, a bayan ɗaki inda yara ba sa wasa. Hajiya, riɗin da kika watsa, yanzu zai fito in ina ba shi ruwa, ko sai damina?