An ce cutar dajin Baba ba ta aikin tiyata ba ce, gashi da na'ura zai yi amfani?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Daga wani ƙauye a ƙasar Ringim nake. Mahaifinmu, mai shekara 63, tun damina yake rama, idonsa ya yi rawaya, ga ciwon ciki mai ratsawa har baya. Ba ya samun barci sai ya zauna ya sunkuya gaba, ya rungume matashi. Da aka ɗauki hoto a Kano, likita ya ce daji ne a fankiriyas, gaɓar nan ta bayan tumbi mai samar da insulin, kuma ba a iya cire shi domin ya naɗe manyan jijiyoyin jini. Ya yi maganar kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, daga baya wataƙila gashi, wato haska ƙarin da na'ura. Kawu ya ce a sayar da shanun huɗa a tafi, Inna kuwa ta ce ba za a ƙona mata miji ba. Don Allah wanda ya sani ya ba mu shawara.

Wata ma'aikaciyar jinya:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Ka faɗa wa Inna babu wuta a ciki. Kwanciya zai yi, na'ura ta saita haske daidai kan ƙarin na 'yan mintuna, ba ya jin komai a lokacin, kuma in ya dawo gida ba abin da zai shafi jikoki. Wahalar daga baya take zuwa: kasala, tashin zuciya, zawo, rashin cin abinci. Wanda aka saba yi Litinin zuwa Juma'a ne, mako 5 zuwa 6. Akwai wani mai ƙarfi da ake gamawa a zama 5, amma ba kowace cibiya ke yin sa ba.

Sai dai in gaya maka gaskiya, ɗan uwa, a irin wannan matakin da wuya gashi ya warkar. Aikinsa ya tsayar da ƙarin inda yake, ya rage zafi. Wasu kaɗan ƙarin kan motse har a sake duba yiwuwar aiki. Kafin saniya ko ɗaya ta shiga kasuwa, ku tambayi likita: cutar ta kai hanta ko ba ta kai ba? In ta bazu, kemo ne kan gaba, gashi sai don zafi kawai. Rawayar idon ma aba ce daban, bututun maɗaciya ne ya toshe, kuma akan sa ɗan bututu a buɗe shi tun kafin kemo.

Wani daga Gaya:
Mu mun yi jinyar yayanmu. Kuɗin masauki da abinci na makonnin nan sun kusa kamo na asibiti. Ana gashi a Shika ta Zariya, da Sakkwato, da Asibitin Ƙasa na Abuja. Ku karɓi takardar turawa, ku buga waya ku san ranarku kafin ku hau mota.

Wata Hajiya:
Shi Malam ɗin an tambaye shi kuwa? Jikinsa ne, shanunsa ne.

Mai tambaya:
Wallahi Hajiya ba mu gaya masa sunan cutar ba tukuna.

Ma'aikaciyar jinya:
To ku zauna da shi gaban likita. Kuma kada ku jira gashi kafin a kula da zafin nan. Ku nemi a rubuta masa mofin, maganin zafi mai ƙarfi, in ƙananan magunguna sun gaza, da ƙwayar taimakon narkewar abinci, a riƙa auna sukarinsa. Jiƙe-jiƙen ciwon shawara kuma a dakata da su, hantarsa ba ta da ƙarfin ɗauka yanzu.